Bangon Murafai: Yadda Aikin Ke Tafiya

12 ga Oktoba, 2024

Abin da na ɗaura niyyar yi bango ne mai tsawon mita 6 da tsayin mita 2 da rabi, babu bulo a cikinsa, babu siminti. Murafan kwano ne zalla: na samira, na langa, na kwalla, da manyan nan na fanteka in Allah ya sa na samu. Na yi lissafi a takarda. In matsakaicin murfi ya kai santimita 20 a faɗi, kowane murabba'in mita zai ci 25, bangon gaba ɗaya ya ci 375. Da yake ƙananan sun fi yawa a gari, 500 nake nema don in sami abin zaɓe.

Me ya sa murfi, aka bar kwanon? Kwano ta gindi yake mutuwa. A ɗora shi kan garwashi a ɗumama tuwo, a kankare ƙanzo da cokali, fentin ya ɓantare, tsatsa ta shiga, wata rana a ga miya na ɗiga. Daga nan ya koma kwanon ruwan kaji ko na kwasar toka. Murfin kuwa yana nan da furensa, sai dai a rufe tulu da shi, ko yara su ɗauke su yi gare-gare. Da wuya ka shiga tsohon gida a Kano ba ka tarar da biyu ko uku a bayan randa ba.

A aji an koya mana cewa ɗaukar kayan kanti a mai da su aikin fasaha ya faro ne daga Marcel Duchamp, Bafaranshen da ya kafa ƙafar keke a kan kujera a 1913, sannan a 1917 ya aika wa masu baje koli a New York da kaskon fitsari na banɗaki, suka ƙi nuna shi. Haka na rubuta a jarrabawa, na kuma ci. Amma duk wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon soro na cikin birni ko na Zariya ya ga faranti ko tasa a manne a tsakiyar rufi, daidai inda bakan gizo suka haɗu. Farantin nan daga kasuwa aka sayo wa maginin, kuma ba don a ci abinci ya dasa shi can ba. Ta wannan ƙofar nake son shiga aikin.

Wurin aiki: garejin Yaya, tunda ya sayar da motar.

26 ga Oktoba

'Yan gwangwan a kilo suke saye daga hannun 'yan bola jari, a kilo suke loda wa manyan motoci a kai inda ake narka ƙarfe a fitar da rodi. Murfin samira a wurinsu ƙarfe ne mara nauyi, na ƙarshen daraja. Yaron da ke tantancewa yana riƙe da mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar sifika, yana shafa wa duk abin da aka zube: wanda ya kama ya tafi tsibin baƙin ƙarfe, wanda bai kama ba, alminiyam ko jan ƙarfe, a ware shi gefe don ya fi kuɗi.

Da mai wurin ya ga ina juya murafai ina duba fure, ina ajiye wannan ina ture wancan, sai ya janye sikelin.

“Hajiya, ai mai zaɓe ba ya sayen kilo. Ɗai-ɗai za mu yi.”

Farashin ya ninka wajen uku nan take. Na yi ciniki iya yina, amma a raina na san yana da gaskiya. Abin da na gani a jikin murfin shi ya ƙara masa kuɗi, kuma ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya karanci idon mai saye.

Hanya ta biyu ita ce dillaliyar unguwarmu, wadda tun muna yara take shiga gida-gida da ƙullin kaya. Da na faɗa mata abin da nake so sai ta riƙe baki.

“'Yar nan, murfi ba kwano? Wa ke sayar da rabin kaya?”

“Inna, in da kwanon ma ki kawo, zan saya.”

Ta ce za ta cigita. Na kuma ba ta 'yan robobi masu murfi da na sayo a Kofar Wambai, ta riƙa musanya wa matan da ba sa son karɓar kuɗi a kan abin da suke gani shara ne. Ibrahim Mahama, mai fasaha ɗan Tamale ta ƙasar Gana, haka yake yi da buhunan koko: ya ba 'yan kasuwa sababbi, ya karɓi tsofaffin da suka ɗauki gawayi da masara har suka yi baƙi, da irinsu ya lulluɓe dogayen bangaye a baje kolin Venice na 2015. Mu dai a nan musanyar tsohon ƙarfe da roba ba baƙon abu ba ne, ba wadda ta tambayi dalili.

9 ga Nuwamba

Wanki. Omo da ruwan ɗumi da soson buhu. Soson ƙarfe yana dusashe ƙyallin, na hana yaran taɓa shi. Inda kwalta ko tsohon mai ya daskare, kananzir ke fitarwa.

Akwai abin da ba na wankewa. Mata suna yi wa kwanukansu alama don kada su ɓata a gidan biki ko gidan suna: ɗigo uku na jan farce, gicciye da fentin ƙofa, wani lokaci harafi ɗaya na ajami da aka karce da ƙusa a cikin murfin. Da za a tambaye ni, alamun nan sun fi furen kamfanin daraja.

Wasu murafan sun zo da matattun kwanukansu, kuma a gindin kwano ake buga tambarin inda aka ƙera shi. Akwai na Sin, akwai na Hong Kong, mafi yawa na gida Najeriya. Guda biyu na ɗauke da sunan Cekoslobakiya, ƙasar da ta rabu biyu tun ranar 1 ga Janairu, 1993, wato ko ba a faɗa ba sun haura shekara 30, kuma daga nauyinsu a hannu za ka san sun girmi haka nesa. Ƙarfensu ya fi kauri, fentin ya fi zurfi. Tarihin a taƙaice shi ne: daga Turai kwanukan nan suka fara shigowa zamanin Turawa, na Hong Kong suka zo da araha suka cinye kasuwa, sannan a shekarun 1960 masu masana'antar Hong Kong ɗin suka taso da kansu suka kafa injinansu a Legas da Kano. Daga nan ne samira ta shiga kowane ɗaki, ta ture ƙwarya da akushi, kafin ita ma silba da kula da roba su ture ta.

An wanke 210. Ja ya fi yawa, sai ruwan ƙwai, sai shuɗi. Kore kaɗan ne ƙwarai.

20 ga Nuwamba

Mako na gwajin yadda za a riƙe su, a shagon mai walda da ke kusa da Kofar Ruwa.

Abin da muke kira fentin kwano gilashi ne. Garinsa ake shafa wa ƙarfen, a shigar da shi wuta mai zafin wajen digiri 800, ya narke ya manne. Shi ya sa rana ba ta koɗar da launinsa ko bayan shekara 40, shi ya sa kuma ba ya haƙuri da duka. Da bakin injin huda ya taɓa shi sai ya tsage ta ko'ina, ɓarɓashi na tsalle har ido. In an manna salatif a wurin, ana ɗiga ruwa, ana tafiya a hankali, ɓarnar na raguwa, amma kowace huda tana barin zoben baƙin ƙarfe tsirara, kuma nan tsatsa za ta fara da damina. Walda ta fi muni. Ɗigo ɗaya ta ciki, sai furen da ke waje ya ƙone ya kumbura.

Mai waldar ya ga hotunan aikin El Anatsui a wayata, ya ce to a ɗinke su da waya kamar na wannan dattijon mana. Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a 1944, ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka tun daga 1975, kuma a can ne wajen ƙarshen shekarun 1990 ya fara haɗa murafan kwalaben giya. Ana baje su, a huda, a ɗaure da wayar jan ƙarfe, har su zama wani makeken mayafi mai naɗewa, irin wanda aka rataye a babban zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan a 2023. Sai dai kayansa alminiyam ne mai laushi, da tsinke ma yaro zai huda, kuma ɗaya bai kai nauyin kwabo ba. Nawa ƙarfe ne mai rigar gilashi, wani ya haura giram 300. Ga kuma wata matsala: in jan ƙarfe ya jingina da baƙin ƙarfe, danshi ya shiga tsakani, baƙin ƙarfen ke cinyewa da sauri. Wayar da ta yi wa Anatsui aiki za ta ci nawa murafan daga bakin huda.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa mai waldar ba. Duk ɗalibin fasaha a ƙasar nan da ya tsinci abu mai zagaye sai ya ɗinke shi da waya ya rataye, har an gaji da gani. Dattijon ya riga ya share wannan gonar, ya shuka, ya girbe.

Ba huda, ba walda, ba waya. Saura me, ban sani ba tukuna.

1 ga Disamba

Yaya ya leƙo gareji bayan la'asar, ya daɗe a tsaye.

“Ke, wai gunki kike haɗa mini a gida? An fara tambayata a ƙofar masallaci.”

Na ce, “Yaya, duba da kyau. Ina kai, ina ƙafa?”

Tambayar ba ta ba ni haushi ba, don kowane mai sassaƙa a Arewa yana tafe da ita a aljihu. Abin da malamanmu suka yi magana a kai shi ne surar abu mai rai, kuma tun ina makaranta na zaɓi hanyar da ba ta bi ta nan ba. Wannan na cikin abin da ya sa kayan kasuwa suka dace da mu: kwano ya riga ya zo da maganarsa, ba sai an yi masa fuska ba.

Wasu kuwa fuskar ce ƙarfin aikinsu. Romuald Hazoumè na Porto-Novo yana yanko saman jarkokin da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Najeriya zuwa Benin, mariƙin ya zama hanci, bakin jarkar ya zama baki a buɗe. Ya shimfiɗa 304 a ƙasa bisa tsarin yadda ake jera bayi a cikin jirgin ruwa, aka nuna aikin a gidan tarihi na Birtaniya a 2007, shekara 200 bayan Ingila ta haramta cinikin bayi. Subodh Gupta na Indiya ya tara kwanukan silba na girki ya gina ƙoƙon kan mutum da ya fi mutum tsayi a 2006. Ina ganin ƙarfin ayyukan nan, ba kuma zan yi irinsu ba.

Maganar Yaya ta sa na lura da wani abu. Ƙananan murafai biyu a jere, babba ɗaya a ƙasansu, daga nesa fuska ce sak, da idanu da baki. Ido na neman fuska ko ba a sa ta ba. Dole in riƙa ja da baya ina dubawa.

Akwai 'yan murafai masu zanen kifi da na tsuntsu. Yaya ya ce in ware su. Na zuba su a kwali, za a yi maganarsu daga baya.

14 ga Disamba

An samu mafita, kuma tun Oktoba take gabana a hannun yaron 'yan gwangwan: mayen ƙarfen sifika.

A bayan kowace sifika akwai baƙin zobe da aka manne tsakanin faifan ƙarfe biyu. In aka raba shi da su, yana kamawa ta fuska biyu. Tsarin ke nan: fallen ƙarfe a tsaye, zobe a kansa, murfi a kan zoben. Murfi mai zurfi a ɗora masa zobe biyu ko uku har su taɓo cikinsa. Da farko suna zamewa ƙasa a hankali, don mayen ƙarfe ya fi ƙarfin riƙo in ana fizgarsa gaba da in nauyi na jansa ƙasa. Da muka yanka robar cikin taya muka sa tsakani, zamewar ta tsaya. Manyan na fanteka ne kawai za su buƙaci ɗan ƙugiya a ɓoye ta ƙasa.

Raba zoben aiki ne na haƙuri. Yana fashewa kamar tangaran in aka matsa masa da kurfi. Ɗan ɗumi yana sassauta gam ɗin, amma wuta mai yawa tana kashe ƙarfin kamun, in ta kai wajen digiri 450 ya mutu ke nan. Masu gyaran rediyo na Sabon Gari sun yi mamakin mai sayen matattun sifiku, amma sun fito da su buhu-buhu.

Mai waldar ya gyara mini awo. Ya ce fallen ƙarfe a kasuwa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, in na nace wa mita 6 da 2 da rabi sai an yi ta yanka da ƙari. Falle biyar a jere sun ba da mita 6.1 da 2.44, ba a zubar da ko taku ɗaya ba. Mai kaurin milimita 1.5 muka ɗauka, kowane falle wajen kilo 35 kafin a yi masa firam na angul.

Yanzu kowane murfi ana iya cire shi da hannu ɗaya, a mayar, ko a matsar da shi. Ba a taɓa lafiyar ko ɗaya ba.

29 ga Disamba

An yi jeren 'yar ƙanwar Umma ranar Alhamis. Jeren yanzu a kicin yake: kuloli saiti-saiti, tangaran, injin markaɗe, tukwanen da ba sa kamu. Gwaggo, wadda a zamaninta ba a jere a danginmu sai an aika an ɗauko ta, ta zauna a kujera tana ba da umarni da sanda, tana ƙorafin cewa yanzu komai a kwali yake, ba abin da za a gani. Da aka watse na roƙe ta ta biyo ta ga nawa.

Na shimfiɗa murafan a ƙasa yadda na tsara: ja a hagu, yana sajewa zuwa ruwan ƙwai, ya ƙare da shuɗi a dama. Ta zagaya sau ɗaya.

“'Yar nan, wannan ai rumfar mai kwano ce. Wa ya ce miki da launi ake jere?”

Ta sa aka kawo mata tabarma. Abin da ta koya mini a yammacin nan, ga shi yadda na iya riƙewa. Saiti ba ya rabuwa: babba a ƙasa, mai bi masa a kai, har zuwa ƙaramin, ko da launinsu bai yi daidai da na maƙwabta ba. Abin da aka sa a dama sai an sa ɗan'uwansa a hagu. Mafi tsada yana fuskantar ƙofa, daidai idon mai shigowa, don 'yan ganin ɗaki daga bakin ƙofa suke yanke hukunci. Abin da uwa ta bayar daga nata ɗakin yana tsakiya ko da ya tsufa. Kuma kwanon jere ba a cin abinci a cikinsa, na ci daban yake.

Sannan ta shiga cikin kwandunan ta raba murafan gida biyu, ba ta ko duba fure ba. Na 'yan gwangwan a gefe: masu ɓantararren baki, masu tabon jan farce. Na Inna dillaliya a gefe: sumul, ba ƙwarzane, wasu da ragowar takardar kamfani a manne.

“Waɗannan sun yi aiki. Waɗannan kuwa ba su taɓa ganin tuwo ba, daga bango aka sauko da su. Kin san abin da ke sa mace ta sauke jerenta?”

Na sani, amma ban taɓa haɗa shi da kayan da ke garejina ba. Kayan ɗaki na mace ne, ba na miji ba. In aure ya mutu da su take fita. Su ne kuma ajiyarta. Ciwo ya zo, ko kasuwar maigida ta karye, ko za a aurar da 'ya, sai a aika yaro ya kira dillaliya bayan magariba. Gwaggo ta ce ba a fara ɗauka daga tsakiya. Daga can sama ta gefe ake zarewa, inda ido bai cika zuwa ba, sannan a bi sauran a ɗan buɗa tsakaninsu yadda gurbin zai ɓace. Shekara ta yi tsanani, a sake zarewa, a sake buɗawa.

“Baƙo ba zai gane ba. Amma ni in na shiga ɗaki na ga tazarar da ke tsakanin langa da langa, na san shekarar da gidan ya sha wuya. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.”

Na kwana ina juya wannan. A Amurka a shekarun 1980 Haim Steinbach ya yi suna da jera kayan kanti a kan kantoci da ya ƙera, Jeff Koons kuma ya kulle sababbin injinan share ƙura na Hoover a akwatunan roba mai kama da gilashi da fitila a ƙasansu, ba a taɓa kunna su ba. An rubuta littattafai a kan abin da suke nufi game da saye da sha'awar sabon abu. To ga matan da suka shekara da shekaru suna jera sabon kayan kanti da ba a amfani da shi, da ƙa'ida, da masu duba, da masu suka. Bambancin da na gani shi ne, akwatin Koons in an rufe an rufe, ba mai zare inji ɗaya ya kai kasuwa don an kwantar da yaro a asibiti. Jere kuwa ana yinsa ne da sanin wata rana za a taɓa shi.

A wuri ɗaya muka saɓa. Gwaggo ta ce a zubar da na 'yan gwangwan, abin kunya ne a jera kwanon da ya ɓantare. Na ce suna nan. Ta ce to ba da yawunta ba.

11 ga Janairu, 2025

Hunturu ya hana fenti bushewa da kyau, ƙura na manne wa fallayen. Mun jingine su a ɗaki mun rufe taga. Launin da na zaɓa na jar ƙasa ne, irin na yaɓen bango, mara ƙyalli. Yaran da ke raba zobba hannuwansu sun faffashe, na sayo musu safar hannu da man shafawa, safar ba su sa ba.

Murafai 430. Zobba 360, ana neman wasu 200 saboda masu cin biyu da uku.

26 ga Janairu

Falle uku sun tashi tsaye. Tsarin Gwaggo na bi: saiti a tsaye daga babba zuwa ƙarami, dama na amsa hagu. Na jere, masu sumul, su ne a sama da tsakiya. Waɗanda suka yi aiki suna ƙasa, daga gwiwa zuwa ƙugu, inda hannu ke kaiwa in an tsuguna ɗaukar kwano. Saitin da ya rasa ɗaya na bar shi da rashinsa, ban cike da baƙo ba. Jeren tsaye ya kuma kashe matsalar fuska, don ba inda ƙanana biyu ke zama a kan babba.

Wani abokin karatuna da ke koyarwa yanzu ya zo ya gani. Ya ce ya yi kyau, har ya yi yawa: masu saye za su ɗauke shi kayan ado na falon otal, in zuba tsatsa da datti don a san da magana a ciki. Ban yarda ba. Akwai wata al'ada da ta kama mu, cewa aikin ɗan Afirka da kayan tsinta sai ya yi kama da bola kafin a yarda da shi. Matan da suka sayi murafan nan don kyau suka saye su, wasu da kuɗin adashe na shekara guda. Ba zan ƙazantar da su don in burge wani ba.

Amma tsoronsa na da tushe, kuma amsar na cikin mayen ƙarfen. Ga abin da na yanke: bangon zai buɗe a cike. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa za a zare murafai kaɗan daga sama ta gefe, a buɗa sauran yadda Gwaggo ta nuna. Wanda ya zo rana ɗaya zai ga bango mai kyau. Wanda ya dawo bayan mako biyu zai ga jar ƙasa ta fi yawa tsakanin furanni, ko da bai iya nuna inda aka ɗauka ba. Wanda aka zare kuma sayar da shi za a yi a bakin ƙofa, a farashin dillaliya, ba na gidan baje koli ba.

Abokin nawa ya ce to me zai rage a sayar wa mai kuɗi a ƙarshe? Na ce fallen ƙarfe biyar da abin da ya saura.

15 ga Fabrairu

Inna dillaliya ta zo da saƙo. Ɗaya daga cikin matan da suka sayar mata da saitin langa a watan Nuwamba ta samu buɗi, ɗanta ya aiko da kuɗi, tana son kayanta in ba a lalata ba. Saitin shuɗi ne mai guda biyar, yana falle na biyu, kuma shi ne abokin wani a falle na huɗu. Na sa hannu na ciro su, na haɗa da kwanukansu da ke cikin kwali, na karɓi abin da na biya. Inna ta juya kowanne ta duba, ta ce ko ƙwarzane babu, ta ƙulle a zaninta. Wurin zan bar shi a buɗe tun ranar farko. Na falle na huɗu zai tsaya ba abokin amsawa, Gwaggo ta gani ta yi faɗa.

Masu kifi da tsuntsu: Umma ta shiga maganar, ta ce a irinsu aka kai wa mahaifinmu abinci har ya bar duniya, bai taɓa cewa komai ba. Yaya ya ce shi dai kada su fuskanci ƙofa. Sun tafi layin ƙasa na falle na biyar.

Falle biyar sun kammala, murafai 388 a kai. An gwada girgiza firam da ƙarfi, biyu sun faɗo, duka manya, an ƙara musu ƙugiya.

Abin da ya rage. Wurin da aka yi mini alkawari ƙofarsa ba ta kai ƙafa 8 ba, sai an shigar da fallayen a kwance a tayar a ciki, kuma dole a ɗaure firam ɗin da bango ta baya saboda yara. Ɗaukar kaya: murafai a kwali da jarida tsakaninsu, zobba daban a buhu, nesa da wayoyin mutane da katin banki. Ina buƙatar hoton kowane falle da lamba kafin a sauke, in ba haka ba jeren farko ba zai dawo daidai ba. Ga kuma kwanuka sama da 60 da suka zo da murafansu, cike da kusurwar gareji. In an sayar da murfi a bakin ƙofa, da kwanonsa za a bayar, don haka su ma sai an yi musu lamba.

Azumi ya ƙarato, mai waldar ya ce daga an ga wata aikin safe kawai zai riƙa yi. Buɗewa sai bayan Salla. Gwaggo ta ce in dai za a riƙa buɗa jeren kullum, ita za ta zo ta yi na ranar farko, don yaran nan ba su san tazara ba, amma a aiko mata da mota.